Giwa Ba Amarya Ba Ce

Akwai wani saurayi, ɗalibi a jami'a, wanda ya tashi a shagon kawunsa mai ɗaukar hoto. Tun yana ƙarami shi ne mai riƙe fitila a gidan biki, har ya kai ana danƙa masa kyamara ya tafi ɗaurin aure ko suna shi kaɗai. Da yake hannunsa ya faɗa, kuma mutane suna yaba aikinsa, sai ya ɗauka babu wani abu mai rai da ɗaukarsa za ta gagare shi. Da wannan zato ya tafi gandun dajin Yankari, a can kuma ya baro shi.

Shi dai wannan gandu yana cikin Jihar Bauchi. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, namun daji sukan gangaro kogin Gaji domin shan ruwa, shi ya sa aka fi ganinsu a wannan lokaci. Saurayin ya je cikin watan Janairu tare da abokan karatunsa, yana rataye da kyamarar biki mai gilashin milimita 50, watau irin gilashin da ke nuna abu kusan yadda idon mutum yake ganinsa.

Da yamma jagora ya fita da su cikin mota. Bayan doguwar tafiya sai ga giwaye can a hayin wata fadama. Saurayin ya ɗaga kyamara ya leƙa, ya tarar dabbar da ta fi kowace dabbar tudu girma ta koma kamar ƙwayar gero a tsakiyar faifai. A gidan biki, in amarya ta yi nisa, matsawa ake yi, don haka bai yi shawara da kowa ba ya diro daga mota ya nufi fadamar. Bai yi taku ashirin ba wata giwa mai ɗa ta juyo, ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai. Jagoran ya cim masa, ya damƙe hannunsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Malam, kada ka gudu. Ja da baya a hankali.” Allah ya kiyaye, giwar ta kaɗa ɗanta suka shige kurmi. Amma ya kori dabbobin da kowa ya zo gani, ya jefa ran jagora cikin haɗari tare da nasa, hoton da ya samu kuwa na ƙura ne da ganye.

Da ya komo gida sai ya ɗora laifin duka a kan kyamara. Yana da ɗan abin da ya tara na shekara biyu daga aikin biki, ya ƙudura zai zuba shi gaba ɗaya a kan sabuwar kyamara mai tsada da wani mai shago ya yi ta kurantawa. Kawun ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, “Ɗana, ka taɓa ganin maharbi sanye da kan burtu?” Ya ce ya gani. Tsohon ya ce, “To, shi yana rarrafe yana kwaikwayon tsuntsu ne domin kibiyarsa ba ta cin nisa. Kai ma kibiyarka ce gajera. Nemi gilashi tukuna, daga baya ka nemi abin da za ka ɗaura masa.”

Wannan magana ce ta sa ya zauna ya yi bincike kafin ya taɓa kuɗinsa, ya kuwa tarar tsohon ya yi gaskiya. Tsawon gilashi, wanda ake aunawa da milimita, shi ne ke jawo abu kusa. Gilashin milimita 400 yana nuna dabba ninki takwas bisa yadda na milimita 50 zai nuna ta daga wuri guda. Manyan dabbobi irin giwa da ɓauna da gwanki, milimita 300 zuwa 400 ya wadatar da su, tsuntsaye kuwa sukan nemi 500 ko 600. Abu na biyu shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga, wadda ake rubutawa f/4 ko f/5.6 da sauransu. Ƙaramin adadi shi ne babbar ƙofa, kuma daga f/4 zuwa f/5.6 rabin haske ya tafi. A nan tsada take. Gilashin milimita 600 mai f/4 dole faɗin fuskarsa ya kai santimita 15, nauyinsa wajen kilo uku, kuɗinsa kuwa na mota ne. Wanda bai da wannan hali yana da mafita a gilashi mai zuƙowa, kamar na milimita 150 zuwa 600 da kamfanonin Tamron da Sigma suke yi. Ƙofarsa ƙarama ce, f/6.3 a ƙarshen tsawonsa, saboda haka yana wahala da duhun asuba, amma gilashi ɗaya ya ɗauki garken da ke kusa, ya ɗauki tsuntsun da ke kan reshe.

Game da jikin kyamara, ya gano wani abu da mai shagon bai faɗa masa ba. Kyamarori masu ƙaramin faifan karɓar haske, waɗanda suka fi araha, suna yanke gefen hoto, har gilashi ya zama kamar an ninka tsawonsa da 1.5 a na Nikon da Sony, ko 1.6 a na Canon. Watau milimita 400 a kan irin wannan Canon yana cika hoto kamar 640. Abin da mai biki zai ƙi, domin yana son jama'a duka su shiga hoto, shi ne ribar mai ɗaukar namun daji. Ya kuma fahimci cewa yawan ɗigon hoto da ’yan kasuwa ke talla da shi ba shi ne kan gaba ba. Abin dubawa shi ne saurin da kyamara ke saita kanta a kan abu mai motsi, da yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, da tsabtar hotonta in haske ya yi ƙaranci. Kyamarori marasa madubi sun yi nisa a nan: Sony ta ƙara wa nata dabarar gane idon dabba a 2019, Canon ta zo da irinta a 2020, kuma suna iya ɗauka shiru babu ƙara. Duk da haka, tsohuwar kyamara mai madubi a bayan gilashin kirki ta fi sabuwa fil a bayan gilashin banza.

Sai dai dogon gilashi yana da halinsa: yadda yake ƙara girman dabba, haka yake ƙara girman rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza adadin tsawon gilashi, alal misali 1/400 na daƙiƙa ga milimita 400, tsuntsu mai tashi kuwa yakan nemi 1/1000 ko 1/2000. Saboda haka sai da madogara. A ƙasa, mai ƙafa uku. A cikin mota kuwa, inda babu wurin kafa shi, jaka cike da wake ta fi komai. Matar kawun ce ta ɗinka masa tasa da ƙyallen atamfa, ta cika ta da mudu biyu. Akwai kuma ƙaramin gilashi da ake sawa tsakanin kyamara da babban gilashi don ƙara tsawo, amma ya haƙura da shi, domin mai ninkawa da 1.4 yana cinye rabin haske, mai ninkawa biyu yana cinye kashi uku cikin huɗu.

Hoto mai motsi yana da nasa buƙatu dabam. Wanda ke ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa yakan tsayar da ƙiftawa a 1/50 don motsi ya zo daidai da yadda ido ya saba, a ranar ƙasar nan kuwa hakan ba ya yiwuwa sai an sa wa gilashi baƙin tabarau mai rage haske. Kan mai ƙafa ukun ma sai mai juyawa sannu ba fizga. Makirufo kuma sai an yi masa riga mai gashi, in ba haka ba iskar hunturu kaɗai za a ji maimakon kukan gauraka.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta ƙarshe. Duk sa'ad da aka cire gilashi a fili lokacin hazo, ƙura takan sauka a kan faifan, ta bar tabo a kowane hoto. Wannan ma ya ƙara masa dalilin zaɓen gilashi ɗaya da ba za a riƙa cirewa ba. Ya tanadi ’yar robar hura iska da tattausan ƙyalle, kawun kuma ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya goge gilashi da bakin riga, domin yashi yana karce shi. Ya ƙara da batir biyu da katin ajiya biyu da madubin hangen nesa.

A ƙarshe kashi biyu cikin uku na kuɗinsa ya tafi ga gilashi mai zuƙowa, na hannu. Ragowar ya sayi ƙaramar kyamara, ita ma ta hannu, da waɗannan tarkace. Mai shagon bai ji daɗi ba, abokansa kuma suka yi masa dariyar sayen tsoho alhali yana da kuɗin sabo.

Da rani ya zagayo ya koma Yankari. Kwana biyu bai ga giwa ba, sai kashinta da rassan da ta karya. Ya ɗauki gadu, ya ɗauki gwambaza, ya ɗauki biran da ke yawo a sansanin Wikki suna neman abin wawura. A rana ta uku da sassafe suka tarar da garke a bakin ruwa. Ya roƙi direba ya kashe mota, domin girgizar inji tana ɓata hoto, ya ɗora gilashi bisa jakar wake, ya jira. Giwayen suka sha ruwa, suka watsa wa jikinsu taɓo, babu wadda ta ɗaga kai ta dube shi. Cikin hotuna masu yawa da ya ɗauka, ɗaya ne ya fito yadda yake so: ɗan giwa ya durƙusa yana sha da baki, domin bai gama koyon aiki da dogon hancinsa ba.

Da ya kai wa kawunsa hoton, tsohon ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaye shi ko ya sauka daga mota. Ya ce bai sauka ba. Kawun ya ce, “Madalla. Je ka wanko shi babba, mu rataya a shago.”