Laka a Ƙasan Tanki

A shekarata ta uku da zama a unguwar Small Heath, cikin birnin Birmingham na Ingila, dattijon da muke katanga ɗaya da shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Bature ne da ya haura tamanin, ina ce masa Baba, shi kuwa yana ce mini yaro duk da furfurar da ta fara tsiro mini. Roƙonsa shi ne in ɗauki hoton baburinsa, in rubuta masa tallan sayarwa a intanet.

Da ya yaye bargon da ya lulluɓe shi, sai ga BSA Victor mai silinda ɗaya, tankinsa na alminiyam da ratsin rawaya, tayoyinsa masu gwatso-gwatso irin na shiga taɓo. Ba don kwalta aka ƙera shi ba. Asalinsa baburan da Jeff Smith ya lashe gasar duniya ta tseren daji da su ne a 1964 da 1965. Masana'antar da ta ƙera shi a nan unguwar take, a titin Armoury, inda aka fara da ƙera bindigogi tun kafin a zo kan babura. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaura injuna a cikinta, har kamfanin ya durƙushe a 1973.

Na ɗauko tsumma zan goge busasshiyar lakar da ke ƙasan tanki, ya riƙe mini hannu. Ya ce a bar ta. Ta fitarsa ta ƙarshe ce, ranar da gwiwarsa ta dama ta ƙi taka masa kik. Babur ne da ba a tayar da shi sai da ƙafa, ƙafar kuwa ta gama aikinta. Kuɗin da za a samu na gyaran banɗaki ne, a sauko masa da shi ƙasa, domin matakala ma ta fara gagararsa.

Mutum biyu suka zo. Na farko ya taya da tsoka, yana cewa zai wanke shi fes ya kafa shi a falon ofishinsa. Na biyu matashi ne makanike, kuɗinsa bai kai ba, amma bai tambayi komai ba sai da ya durƙusa ya duba sarƙa. Ya san giya a dama take, birki a hagu, saɓanin baburan yanzu. Taku uku ya yi, injin ya ɗauka da wata irin gurnani da ta girgiza gwangwanayen fenti a kan kanta.

A nan na yi abin da har yau nake juya shi a raina. Na ja Baba gefe na ce ya karɓi tayin na farko. Na lissafa masa kuɗin magini da na mai famfo, kuma lissafina daidai ne. Ni ne nake jin saukowarsa daga bene kowace asuba, taki ɗaya, hutu ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin an kai doki falo?"

Ya sayar wa makaniken. Gyaran banɗakin ya tsaya a rabi har hunturu ya wuce. Bayan wata biyu saƙo ya shigo wayata, domin lambata ce a tallan: hoton baburin a wani tudu a Wales, ya yi dumu-dumu da laka har ba a ganin ratsin rawayan. Na kai wa Baba. Ya nemo tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in rubuta wa yaron cewa sarƙar ta saki, ya ɗaure ta.