Inuwar Bakin Hanya a Damargu

A ƙasar Damargu, daga Falanko har zuwa Tanut da Balbeji, itace ba ado ba ne. Gindin aduwa ko ƙandili shi ne rumfar mai tallar hura, shi ne tashar mai jiran mota, nan ne kuma dattawa ke sasanta manomi da makiyayi. Saboda haka duk lokacin da aka yi maganar faɗaɗa hanya, murna da fargaba kan zo tare. Babu mai ƙin kwalta a yankin da tun 1851 matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar yana ciyar da Abzin da hatsi, domin kuwa hanyar Damagaram zuwa Agadas ita ce ke fitar da gero da dabbobi, ita ce ke kai marar lafiya asibiti. Sai dai takardar injiniya takan lissafa itace cikin abubuwan da za a kawar, alhali a wannan ƙasa mai ƙarancin ruwa ɗan adam kan tsufa kafin dashensa ya yi inuwar kirki.

Nijar ta san zafin irin wannan rashi. A 1973 wata babbar mota ta kayar da Itacen Tenere, ƙandili guda da ayari ya daɗe yana gane hanya da shi cikin hamada. Gawarsa tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Tarihi ya gwada hanyoyin tsare itace. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya yanka hukuncin kisa ga mai sare gawo. Turawan mulkin mallaka da gwamnatocin bayansu suka mayar da itatuwa dukiyar hukuma, ma'aikatan gandun daji na cin tara. Manomi kuwa ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo masa fitina. Sai daga shekarun 1980, da sassaben zamani ya yaɗu daga Maradi, manoma suka ga itacen da suka rena nasu ne, aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram. Abin da takobi da tara suka kasa, mallaka ta yi shi.

Itacen bakin hanya shi ne ya rage maraya, tunda na kowa ne. Amma muryar jama'a takan zame masa uba. A 2020 mutanen Nairobi suka tashi tsaye kan wani tsohon ɓaure da aikin babbar hanya zai cinye, har shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umarnin a bar shi.

Mutanen Damargu ba su bukatar zanga-zanga kafin a saurare su. Ya isa magajin gari da mai gari su zagaya da injiniya tun ba a ja layi ba, a ƙidaya itatuwa, a karkata inda za a iya, a ɗora wa ɗan kwangila renon dashe har ya kama. Masu fita dashe kowace 3 ga Agusta su ne suka fi dacewa su fara wannan ƙidaya. In ba haka ba, kwalta za ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha, na gida kuwa ya tsaya a rana.