Sallar Uwaye Mata da Rumbun Innata

A kowace shekara, da Lahadin ƙarshe ta watan Mayu ta kusanto, gardama guda ce ke tashi a ƙofar majami'armu a Damagaram bayan an tashi daga sujada. Samari da ƴan mata su ce lalle a yi sallar uwaye mata, a yanka zane iri guda, a ba tsofaffi kyauta. Wani dattijo kuma, wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa tun bugun 1932 har ya kusa haddace shi, ya ce shi bai ga wannan rana ba daga Farawa har Wahayi, kuma abin da gwamnatin Faransa ta sa a kalanda ba ya zama ibada don an shigo da shi ɗakin sujada. Tun da sojojin Faransa suka fice daga ƙasarmu a ƙarshen 2023, ya samu magoya baya har cikin waɗanda da can ba su damu ba.

A kan tarihi dattijon bai yi kuskure ba, ko da ya ke rabin labarin ya riƙe. Ranar da mu ke bi doka ce ta Faransa ta 24 ga Mayu 1950 ta tsayar da ita: Lahadin ƙarshe ta Mayu, in kuwa ta haɗu da Fentikos, kamar yadda ya faru a 2023, sai a ɗaga zuwa Lahadin farko ta Yuni. Kafin nan gwamnatin Marshal Petan ta ɗaukaka ta a 1941, don Faransawa sun daɗe suna kukan ƙarancin haihuwa, har lambar yabo su ke ba mace mai ƴaƴa da yawa tun 1920. Abin da dariya in ka tuna binciken 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa sama da 7, ba tare da kowa ya maƙala mata ko ƙyalle a ƙirji ba. Ɗaya rabin labarin yana Amurka. A can wata mace Kirista, Anna Jarbis, ta shirya taron farko a cikin majami'a a garin Girafton a 1908, don tunawa da uwarta da ta rasu a 1905. Shugaba Wilson ya mai da shi na ƙasa a 1914. Da ta ga masu saida furanni da katin gaisuwa sun cinye ranar, sai ta juya tana yaƙi da abin da ita ta kafa, har ta rasu a 1948 ba ta da komi. Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi, kada ku ce da ku na ke. Atamfar da ke ƙarewa a kasuwar Dole a wannan mako ai ni ma na sha saye.

Mu nan muna da tamu ranar, 13 ga Mayu, wadda matan Nijar suka ƙwato da ƙafarsu a 1991, sa'ad da suka yi maci a Yamai don an ba su kujera guda tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Waccan rana ce ta haƙƙi, ta ƴar ƙasa gaban hukuma. Wannan ta biyu kuwa tsakanin ɗa ne da wadda ta goye shi, kuma a nan ne maganar ta shafe ni.

Ni ɗan Hamdara ne, gabas da Mirriya, kuma ɗan fari. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san ma'anar wannan. Innata ba ta taɓa kama sunana ba. Gwaggo ce ta yaye ni, a ɗakinta na kwana har na shiga lakwal, kuma ko yau in na je gida Inna takan juya gefe ta amsa gaisuwata, ta tambayi ƙanena ko "baƙonku" ya ci abinci. Musulma ce, ba ta sakin salla, ta yi azumin Ramadana tun kafin a haife ni. Ni kuwa a lise, a Damagaram, na karɓi addinin Almasihu. Ba zan buɗe wannan babi a nan ba. Abin da zan ce shi ne baffannina sun yi fushi, an yi zama, an faɗi maganganu masu nauyi, ita ba ta ce uffan ba. Bayan wata guda sai ga ƙullin kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli an aiko mini a motar kasuwa, kamar yadda a ke aikowa tun ina aji na farko.

A lakwal mushe ya taɓa sa mu rubuta wa uwayenmu wasiƙar sallar uwaye da Faransanci, da zanen fure a gefe. Na kai tawa gida, na rasa yadda zan miƙa ta. Wace irin magana ce ɗan fari zai karanta wa uwa a gaban kishiyoyi? Kuma wace uwa: wadda ta haife ni, ko Gwaggo da ta sha kashina, ko uwargidan da ta yi ta ɓoye mini ƙanzo? Wanda ya rubuta dokar 1950 gida mai uwa guda ya sani. Takardar ta ƙare a matsayin marfin tulun gishiri.

Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, wanda mu Kiristocin Damagaram ba mu zana ba, ba mu yarda da shi ba, aka ƙone majami'u a garin, washegari wuta ta kai Yamai. Mutane 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Da yawanmu mun fake a barikin soja. Wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su, wannan ma a rubuta shi. Ran Lahadi da hantsi wani soja ya zo ya ce wata tsohuwa na bakin ƙofa tana neman "yaron nan na Hamdara," ta ƙi faɗin suna. Na fita na tarar da ita zaune a ƙasa da ƙwaryar fura. Ba ta taɓa kwana Damagaram ba kafin wannan rana. Ta dube ni sau guda, daga kai har ƙafa, ta ture mini ƙwaryar, ta ce da wanda ya rako ta su tashi kada mota ta bar su.

To, ga inda laifina ya ke. A watannin da suka biyo baya duk hankalinmu ya koma ga sake gina majami'a. Aka buɗe asusu, kowa na kawowa. Ni sabon ma'aikaci, albashi bai taka kara ya karya ba, na ɗauki jika 30 ɗin da na saba aika wa gida kowane wata na zuba a ciki, wata uku a jere, ina jin kaina mutumin kirki. Ran 31 ga Mayu aka yi sallar uwaye mata a ƙarƙashin rumfa, aka yi waƙa, zumuntar mata suka yi rawa, ni ma na tashi na yi jawabi mai daɗi a kan darajar uwa. Da marece na buga wa ƙanena waya ya miƙa mata mu gaisa. Bayan ta ba shi wayar ya koma gefe ya ce: "Yaya, ka san Inna ta saida akuyarta? Rumbu ya ƙare tun watan jiya, har irin shuka an daka."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarshen Mayu. A Faransa lokacin furanni ne. A Hamdara tsakiyar bazara ce: hatsin bara ya ƙare, tiya ta hau, gonaki an share ana kallon gabas, maza da dama ba su komo daga ci-rani ba. In ruwan farko ya sauka ba ka da iri a hannu, ka yi asarar kwanakin da ba su dawowa. Uwa ce ke rage cinta a wannan wata, ta ce ta ƙoshi.

Daren nan na buɗe Linjila ta hannun Markus, sura ta 7. Yesu yana tsauta wa malaman zamaninsa a kan wata dabara: mutum ya ce dukiyar da zai taimaki uwayensa da ita ya keɓe ta ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga ciyar da su. Ya ce da wannan sun soke umarnin Allah don al'adarsu. Na karanta wurin ya fi sau goma a baya, ina ganin Farisiyawa a ke nufi. Umarnin girmama uba da uwa yana cikin Dokoki Goma, ƴan Katolika na ƙidaya shi na 4, mu na 5, kuma babu sharaɗi a cikinsa cewa sai uwar tana bin addininka. Yesu kansa, yana kan gicciye, sai da ya damƙa uwarsa Maryamu hannun almajirinsa don ta samu gidan zama. Abokaina Musulmi za su ce ai wannan sananne ne, a wurinsu ma uwa sau uku a ke ambata kafin a zo ga uba. Gaskiya ne, kuma ina zaton shi ya sa Inna ba ta ga wani abin mamaki a zuwanta barikin ba.

Saboda haka a gardamar ƙofar majami'a ban bi dattijo ba, ban kuma bi samari ba gaba ɗaya. Manzo Bulus ya bar wa kowa zaɓi a kan fifita wata rana bisa wata, muddin don Ubangiji ya yi. Kalandar ma'aikacin gwamnati cike ta ke da ranakun da ba shi ya sa su ba, kuma ɗan Adam mai mantuwa ne. In ranar da majalisar Faransa ta tsayar za ta tsikari mutum ya tuna da rumbun uwarsa daidai lokacin da ya ke fanko, ban ga abin ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne irin tawa ta 2015, wadda a ke yi wa uwa kirari a gaban jama'a a birni alhali ita tana ƙauye tana lissafin tiya. Na kuma roƙi shugabanninmu, in sun buɗe asusu, su riƙa faɗi da babbar murya cewa kada kowa ya kawo kuɗin tuwon uwarsa. Wasu sun ji daɗin maganar, ma'aji bai ji ba.

Tun daga 2016 ba na yin wannan Lahadi a Damagaram. Ran Asabar ina sayen buhun hatsi da tiya biyar ta wake na iri, da turmi biyu, ɗaya na Inna ɗaya na Gwaggo, in hau mota. Zumunta a ƙafa ta ke. Ba na ce mata sallar komi ce, don ba ta san da ita ba, kuma in na faɗa kunya za ta hana ta karɓa. Bara na isa ana kiran azahar. Na aje kayan a ƙofar ɗaki, na zauna bisa turmin daka na jira ta sallame. Ta shafa addu'a, ta ɗebi hatsin a tafin hannu ta duba ƙwayarsa, sa'an nan ta ce da ƙanena: "Ka gaya wa baƙonku wannan na ci ne, bai yi iri ba. In zai komo ya nemo na wajen Mirriya."