Labari, Hanya da Shawara

Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, manomi ne a wani ƙauye kusa da Matameye. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a sassan ƙasa. Duk da haka ya samu abin da ya cika rumbu ɗaya. Da kaka ta yi, sai ya sayar wa wani ɗan kasuwa rabin hatsin, don ya biya bashi ya kuma aurar da ƙanwata. Kafin shukar 2005 ta kai gwiwa, ya koma kasuwa yana awon wannan hatsi tiya tiya, da tsadar da ta sa ya rabu da bijimin nomansa. Ɗan kasuwar nan yana da ƙani a Dawanau ta Kano mai aiko masa da labarin farashi ta bakin direbobi. Mahaifina ba shi da kowa.

Wannan abu ya dawo mini a rai ranar da na halarci wani zaman ƙara wa juna sani a Damagaram, inda malaman jami'a ke tattauna abubuwa uku: labari, hanyoyin da yake bi, da shawarar da ake yankewa a kansa. Na shiga ina zaton lissafi zan tarar, sai na tarar da rumbun gidanmu.

An kawo binciken Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, wadda ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar tun shigowar salula a 2001 har zuwa 2006. Sakamakon da ta fitar a 2010 ya nuna cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda waya ta isa. Dalili a fili yake: tafiyar yini guda don jin farashi ta zama kiran minti biyu.

Amma da ita da Marcel Fafchamps suka duba kuɗin da manomi ke karɓa, sai suka ga tazarar ta ragu a wake, a gero da dawa kuwa ba wani canji. A nan jikina ya yi sanyi. Ashe ko da waya a aljihun mahaifina, mai bin bashi na tsaye a ƙofa, ranar biki kuma an sa ta. Sanin farashi bai amfanar wanda ba shi da halin jira. Shi ya sa bankin hatsi na ƙauye, da bashin da ake bayarwa a kan amfanin gona da aka ajiye, suke da daraja daidai da ta waya.

Ƴan uwana malamai, rabonmu a nan ba ƙarami ba ne. Shirin yaƙi da jahilci da aka gwada da salula a jihohin Dosso da Zinder a 2009 da 2010 ya nuna cewa manyan da aka koya wa rubuta saƙo sun fi takwarorinsu ƙwazo a rubutu da lissafi. Ni dai yanzu, duk ranar kasuwa nakan sa ɗalibaina su rubuto farashin tiya, washegari mu jera shi a allo, sannan in tambaye su: in hatsin mahaifinku ne, ku sayar ko ku jira, kuma da me za ku jira?