Tsohuwar Jita Da Sabon Mai Ita

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce kowane tsohon abu zuma ne ba. Wannan magana ita ce wani malamin makaranta a Kaduna ya yi ta juyawa a ransa, sa'ad da labari ya iske shi cewa magadan wani makaɗin otal a Sabon Garin Kano suna neman mai sayen jitar lantarki da ubansu ya bari.

Shi dai malamin nan ya yi ritaya ne bayan shekara 35 yana riƙe da alli. Sha'awar jita kuwa ta kama shi tun yana saurayi, zamanin da Bala Miller da jama'arsa suke kiɗa a Kaduna, faifan Joromi na Victor Uwaifo da Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, wanda ya fito a 1976, suna tashi a shagunan teloli. Ya ɗan koya a kwalejin horon malamai da wata jita mara lantarki, sa'an nan aure da hidimar 'ya'ya suka shiga tsakani. Ga kuma idon jama'a, domin a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, ɗan malamai ba ya rungumar molo a bar shi ya sha ruwa.

Jitar da aka nuna masa ƙirar Fender Stratocaster ce, ta shekara da shekaru a ƙarƙashin gado. Mai karatu zai so ya san cewa Leo Fender ya fara fitar da irin wannan jita a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma a 1965 ya sayar da masana'antar ga kamfanin CBS kan dala miliyan 13. Daga nan masu tara tsofaffin jitoci suka ja layi. Abin da aka ƙera kafin 1965 shi ne zinariya a wurinsu, na bayansa kuwa, musamman na ƙarshen shekarun 1970, sai su yamutsa fuska, wai ya cika nauyi, fentin ya yi kauri, kuma an haɗa wuya da jiki da kusa uku maimakon huɗu.

To, sayen tsohuwar jita tamkar sayen doki ne, ba a tsayawa ga kyan sirdi. Malam ya tafi da wani amininsa mai gyaran rediyo, suka zauna a tsakar gida suka bi ta gaɓa-gaɓa. A kanta akwai lamba mai farawa da S8, watau alamar wajejen 1978, ga kusa uku a baya, ashe dai tana cikin waɗanda ake rainawa. Aminin ya ɗaga ta ya kanne ido ɗaya ya bi wuyan da kallo kamar mai duba gorar mashi, domin in wuya ya murɗe an yi asara, sauran duk gyaruwa suke. Wuyan yana nan sambal. Da suka kwance marfin gaba sai suka tarar ɗaya daga cikin masu ɗaukar sautin nan uku ba na asali ba ne. Su waɗannan ba kome ba ne illa mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, tsirkiya na motsi a kansu su mai da motsin lantarki. Wani ya taɓa canja ɗaya, ya kuma bar tabon dalma mai muni.

A kasuwar masu tarawa wannan ya isa ya karya mata daraja. Amma idon malam ya tsaya ne a wani wuri dabam. Fentin ya goge sarai daidai inda damtsen marigayin yake gogawa, ƙananan ƙarafan da aka gicciya a wuya sun yi kwari a inda yatsunsa suka saba sauka, ga tabon wutar taba a kai. Duk wanda ya iya karanta waɗannan alamu ya san jitar ta ci abinci ta ciyar, kuma makaɗin da ke neman tuwo da kayansa ba ya shekaru yana rungume da abin da ba ya amsa masa. Lalle masu tarawa su kansu ba su tsaya kan ƙa'idarsu ba. Baƙar jitar David Gilmour, wadda aka yi gwanjonta kusan dala miliyan 4 a 2019, ƙirar 1969 ce, an kuma sha canja mata wuya da kayan ciki. Hannun da ya kaɗa ta aka saya.

Aka yi ciniki, aka yi albarka sau biyu, a na uku aka sallama. Kuɗin kuwa daga cikin waɗanda aka ware ne domin gyaran rufin ɗaki kafin damina. Da ya iso gida uwargida ta dubi akwatin ta dube shi, ta ce, "Malam, ita ce za ta tare mana ruwan?" Ya ce, "Hajiya, rufi na nan tafe, in Allah ya yarda." Ba ta ƙara ba, shirun nata kuwa ya fi maganar nauyi.

Wahalar gaske sai da aka zo kiɗa. Ranar da ya fara haɗa ta da akwatin ƙara sauti, kafin ya taɓa tsirkiya sai ga wani gunji kamar na zuma a amya, domin irin waɗannan masu ɗaukar sauti suna kwasar hayaniyar wutar gida, balle in janareta ke aiki. Aminin nan ya yi kwana biyu yana gyara wayar ƙasa kafin abin ya lafa. Da hunturu ya shigo katakon wuyan ya tsuke don bushewa, bakunan ƙarafan suka leƙo suna yankar hannu, sai da aka bi su da zarto mai laushi. Nauyin da ake faɗa kuwa ba ƙage ba ne, minti ashirin a tsaye kafaɗa ta soma kuka, shi ya sa a zaune yake kaɗawa.

Yatsun ma ba na da ba ne. Abin da yake yi cikin dariya yana ɗan ashirin, yanzu sai ya maimaita sau hamsin, kan yatsu ya yi ja ya sale kafin ya yi kanta. Tsufan jita ba ya yi wa kowa kiɗa. Sai dai akwai daren da ya danna tsirkiya ta uku ya ɗan tura ta sama, sautin ya fito siriri, garau, mai ɗan kuka a ƙarshe, irin wanda yake ji ta bayan katangar kulob yana saurayi ba shi da kuɗin shiga. Ya daɗe zaune bai sake taɓa ta ba.

Bayan sallar lisha yake ɗaukarta, galibi ba tare da ya kunna akwatin ba saboda maƙwabta. Wani jikansa ya nuna masa a waya yadda Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kiɗa da hagu, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yake sarrafa irin wannan ƙira a gaban dubban mutane. Tun daga ranar yaron yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon yatsun kakansa. An gyara rabin rufin, an sa roba a ƙarƙashin sauran. Kiɗa uku malam ya maido a hannunsa, na huɗun yana nan yana ba shi wuya a wajen ƙaramin yatsa.