Parmin direba ma yana da wa'adi

Manoma da yawa ba su tambayar takardun direban da ke ɗaukar albasarsu daga Galmi zuwa Yamai. Ya kamata su tambaya. Parmin babbar mota, mai harafin C, da na motar haya, mai harafin D, ana sabunta su. Ranar ƙarewa tana rubuce a jiki.

Kafin ranar ta zo, sai direba ya je likita a auna lafiyarsa, musamman idanu. Sannan ya kai takardar likita, tsohon parmi, hotuna da kuɗin aiki ofishin sufuri na jiha. Wasu tsofaffin direbobi suna gudun likita don idonsu ya fara hazo. To, in jandarma ya tsare motar kwana biyu cikin rana, albasar manomi ce ke ruɓewa.