Asirin Kartar Ƴan Dabo

 

Yau zancen karta zan yi muku. Na san wani zai ce: "Haba malam, me ya haɗa ka da karta? Ai kayan ƴan caca ce." Gaskiyarka, ɗan'uwa. Amma yi haƙuri ka biyo ni sannu. Akwai wata irin karta da ba a yi ta don caca ba. An yi ta don dabo ne, watau rufa-ido. A ƙasashen Turawa, a kanti ake sai da ita, cikin kwalinta, har da takardar bayani. Yaro ɗan shekara 10 yana iya saye ya koya kafin azahar. Da la'asar sai ya ruɗa babansa.

Mu fara da kartar gaskiya. Kati 52 ke cikinta. An raba su gida 4, kowane gida kati 13. Gida biyu ja ne, gida biyu baƙi. Ja 26, baƙi 26. Babu kati biyu masu kama ɗaya. Duk tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, bayansu ɗaya. Riƙe wannan da kyau, don kartar dabo a nan take yin ha'incinta.

Wadda ta fi suna ita ce ake ce wa Svengali. Faransawa suna ce mata kartar radiyo. Wani Ba'amurke mai suna Burling Hull shi aka sani da ƙago ta, aka fara sai da ita a 1909. Sunan kuwa daga wani littafin labari aka ɗauko shi, na 1894. A cikin labarin akwai wani mutum Svengali mai juya hankalin mutane yadda ya ga dama. Wajen 1970 wani mai dabo na birnin Chicago, Marshall Brodien, ya shiga tallarta a talbijin. Ya sai da miliyoyi. Yaran Amurka da yawa da ita suka fara dabo.

Ga abin da ido ke gani. Mai dabo ya nuna maka katunan, kowane daban. Ya kife su, yana zubo su kan tabarma, ya ce ka tsai da shi inda kake so. Ka ce: "Tsaya!" Ka ɗauki katin da ya faɗo ƙarshe, ka duba, ka ga bakwai ja. Ka mayar. Ya ce ka yanka kartar da hannunka. Ka yanka. Ga bakwai ja. Ka sake yankawa. Bakwai ja dai. Daga ƙarshe ya hura mata iska, ya nuna maka, sai ka ga duk kartar ta koma bakwai ja, tun daga sama har ƙasa. Wane ne ba zai ja da baya ba?

To ga abin da ido bai gani ba. Rabin kartar, kati 26, duk iri ɗaya ne: bakwai ja. Sauran 26 su ne mabambanta. Kuma an datse kan waɗannan masu kama ɗaya kaɗan, kamar milimita ɗaya, kusan kaurin farce. Sai aka jera su: dogo, gajere, dogo, gajere, har ƙarshe. In mai dabo ya riƙe kartar ta kai da gindi, yatsansa dogayen kaɗai yake taɓawa. Da ya saki dogo ɗaya, gajeren da ke bisansa ba abin da ke riƙe da shi, sai ya bi shi su faɗi tare. Kamar uwa ce da goyonta. Saboda haka ko ina ka ce a tsaya, na bisa gajere ne, gajere kuwa bakwai ja ne. In kartar tana kife, fuskar dogaye ake hangowa, sai a ga kowane daban. In ya birkita ta, fuska tana duban sama, ya zubo, gajeru ne ke rufe dogaye, sai a ga duk iri ɗaya. Shi ke nan. Ba layya, ba turare, ba yanka baƙin zakara.

Ni ma ina da irinta guda. Wani ƙanena direba, mai zuwa Kwatano, shi ya kawo mini tsaraba. Takardar da ke ciki da Faransanci take, shafi biyu kacal. Na karanta, na yi kwana 7 ina gwaji a ɗaki, don hannu ya saba. Ran nan da dare, bayan mun gama lissafi da ɗalibaina, na ce kowa ya aje allonsa. Na fito da ita gaban fitila. Mutum wajen 30 ne a rumfar. Da kartar ta koma bakwai ja duka, sai wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya kama salati. Wani ya janye tabarmarsa daga kusa da ni. Ga mutanen da suka san ni, suka san ubana, muke cin tuwo akushi ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne kafin mu watse. Wani magidanci ya matso, ya yi ƙasa da murya. Ya ce an sace masa tunkiya tun sati biyu. Ya ce in duba masa ɓarawon cikin kartar, zai ba ni jika biyu. Har ya ambaci sunan maƙwabcin da yake zato. Ka ji fa. Da na ce "shi ne," da gobe an kwana da faɗa a garin, watakila har gaban sarki, watakila har jini. Kartar da bature ya yi don yara su yi dariya, ga ta tana shirin raba zumunci.

Nan take na ce kowa ya koma ya zauna. Na baje katunan bisa tabarma ɗaya bayan ɗaya. Na sa mai tunkiya ya ƙidaya bakwai ja da bakinsa. Ya ƙidaya 26. Na ɗora gajere bisa dogo, na ce ya shafa da yatsa. Ya shafa, ya ji tudun. Sai dattijon nan mai salati ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce: "Ashe aljanin naka almakashi ne!" Kafin mu tashi, mutum uku sun iya yin dabon da hannunsu, ko da yake ɗaya ya zubar da katunan duka cikin ƙasa.

Akwai wata iri kuma, wadda ta girmi Svengali nesa ba kusa ba. Ƴan cacar Turai sun daɗe suna cuta da ita kafin ƴan dabo su ɗauka. Katunanta 52 ne cif, kowane daban. Kana iya riƙewa ka ƙidaya. Amma an fere gefenta, kai ɗaya ya fi ɗaya faɗi kaɗan, kamar ruwan gatari. Ka zaɓi kati. Kana cikin dubawa, mai dabo ya juya sauran kartar, kai ya koma gindi. Ka mai da katinka. Yanzu faffaɗan kansa yana tsakanin siraran kawuna. Ko ka cakuɗa sau 10, da ya shafa gefen kartar da yatsu biyu, naka ne zai zaro. Ni wannan ta fi burge ni, don tana bukatar natsuwa, kuma tana shiga hannun ɗan kallo ba ta tonu ba.

Ta uku ita ce mai son lissafi. Tun shekarun 1930 ake sai da ita a Amurka. Ana ce maka ka ambaci duk katin da ka ga dama, da baki kawai. Mai dabo ya buɗe kwali, ya baje karta. Duka suna duban sama, sai guda ɗaya a kife. A juya shi, sai ga wanda ka ambata. Yaya aka yi? An haɗa katunan biyu-biyu, baya da baya. An shafa wa bayansu wani abu mai ɗan kaushi, don su manne in ba a danna ba. Kuma an shirya su yadda lambar kusan kowane biyu, in ka tara, 13 za ta ba ka. Ka ce biyar? Shi a zuci sai ya ce: 13 a ɗebe 5, saura 8. Ya nemi takwas, ya danna kaɗan, na bayansa ya rabu, ya bayyana a kife. Biyar ɗinka ke nan. Wanda bai iya ɗebewa ba, ba zai iya wannan dabo ba ko ya shekara yana riƙe da kwalin.

Su ƴan dabon Turai suna da doka tsakaninsu: kada a tona asiri. Na gane dalilinsu. Sana'arsu ce, kuma wanda ya biya kuɗin shiga gidan wasa ya san wasa ya zo kallo. Mai dabo na kirki yana faɗa tun farko cewa zai rufe maka ido, kai kuma ka yarda. Wannan ba cuta ba ce. Ni ma ina son kallonsa, kamar yadda nake son kallon kokowa. Amma ranar da mai dabo ya ce abin nan ikon ɓoye ne, ranar ya tashi daga mai wasa ya koma macuci. Wannan kam ba ya da haƙƙin a rufa masa asiri.

Kada ka ce mutanen ƙauye kaɗai ake yi wa haka. A 1856, hukumar Faransa ta aika wani shahararren mai dabo, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya. A lokacin tana mulkin mallaka a can. Tana so ta nuna wa mutane cewa abin mamakin Faransa ya fi na shehunansu. Mutumin nan asalinsa mai gyaran agogo ne. Ya kawo wani ɗan akwati. Ya kira ƙaƙƙarfa guda, ya ɗaga shi ba wuya. Sai ya ce ya ƙwace masa ƙarfi, ya sake gwadawa. Ƙato ya yi ta nishi, akwati ya ƙi motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin daɓen kuwa akwai mayen ƙarfe mai aiki da lantarki. Ka ga dabo ya zama makamin mulki. Shi wannan Robert-Houdin, a 1861, ya rubuta littafi guda yana tona dabarun masu cuta a cacar karta. A nan kam na yaba masa. A kan akwati ban yaba ba.

Yanzu bari mu zo gida. Abin da ke cin kuɗin talaka ran kasuwa ba kartar kanti ba ce. Kati uku ne kawai, lafiyayyu, ba datsa ba fira. Ka san su. Mutum ya shimfiɗa buhu ko kwali kusa da tasha. Kati biyu baƙi, ɗaya ja. Yana jefa su a kife, yana cewa wanda ya nuna ja ya ci ninki. Kana tsaye, ka ga wani ya aza jika ya ci biyu. Wani ma ya ci. Kai ko ga kuɗin wake ko na albasa cikin aljihu, kuma idonka bai rabu da jan ba. Ɗan'uwa, waɗannan da suka ci mutanensa ne. Da yamma tare za su raba. Dabarar tana hannun da ya riƙe kati biyu, ɗaya bisa ɗaya. Kai kana zato na ƙasa ya jefa. Wani lokaci na ƙasan ne. Lokacin da kuɗinka ya fito, na bisa yake saki, kuma motsin hannun iri ɗaya ne. Tun jefawar farko idonka baƙi yake bi.

Suna da wata ƙarin dabara don mai wayo. Mai karta ya juya kamar yana tofar da yawu. Abokinsa ya yi sauri ya lanƙwasa kusurwar jan, ya ƙyafta maka ido. Kai sai ka ce yau Allah ya kashe ya ba ka. Ka aza duk abin da ke gare ka bisa mai lanƙwasa. A buɗe, baƙi ne. Mai kartar ya san da lanƙwasar tun farko. Cikin jefawa ya miƙe ta, ya lanƙwasa wani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. A nan ba kwaɗayin kuɗi kaɗai suke kamawa ba, har da jin daɗin cewa kai ne za ka cuci macuci. In ka ɗaga murya, wani ya yi ihu cewa ga jandarma nan, kowa ya watse, buhun ma a bar maka.

Saura karta mai alama a baya. Ita ma ana sai da ita a kanti don masu koyon dabo, kuma ita ce ta fi sauƙin faɗawa hannun ɗan caca. Cikin zanen bayan kowane kati an ɓoye ɗan ɗigo ko ɗan layi, mai faɗin lambarsa da gidansa. Wanda ya sani yana karanta katinka daga inda yake zaune.

In wani ya fito da karta gabanka yana cika baki, ka ce ya ba ka ka riƙe. In ya hana, ka riga ka sami amsa. In ya ba ka, ka baje ta, ka duba ko akwai masu kama ɗaya. Ka tsai da ita bisa tabur, ka buga gindinta ya daidaita, ka dubi kanta ko akwai gajeru. Ka juya rabinta kai ya koma gindi, ka haɗa, ka shafa gefe ka ji ko akwai tudu. Sa'an nan ka kife ta, ka riƙe da hannun hagu, ka sa babban yatsan dama ka saki katunan da sauri, firrr, idonka bisa zanen baya. In lafiyayya ce, zanen zai tsaya cik. In mai alama ce, za ka ga wani ɗan wuri a kusurwa yana tsalle-tsalle kamar hoton silima.